Babi na 7: Shimfiɗar da Ido Ba Ya Gani

Da tsakar daren 1 ga Maris, 1910, jiragen ƙasa biyu suna tsaye a wata ƙaramar tasha mai suna Wellington, cikin tsaunukan Cascade na jihar Washinton a Amurka. Ɗaya na fasinja ne, ɗaya na ɗaukar wasiƙu. Kusan mako guda ke nan dusar ƙanƙara ta toshe musu hanya gaba da baya, ma'aikatan kamfanin Great Northern suna kwashewa tana sake zubowa. A daren ne dusar ta rikiɗe ta zama ruwan sama mai tsawa, kuma da ƙarfe ɗaya ta ɗan gota sai gangaren da ke saman tashar ya saki. Ya kwashi taragan da mutanen da ke barci a ciki ya watsa su cikin kwarin kogin Tye. Mutum 96 suka mutu. Har yau Amurka ba ta sake ganin zaftarewar dusa da ta ci rayuka haka ba.

Waɗannan bayin Allah ba su je neman dutse ba, dutsen ne ya same su. Haka abin yake tun fil azal a ƙauyukan tsaunukan Alps: a hunturun 1950 zuwa 1951 sama da mutum 250 suka hallaka, yawancinsu a Ostiriya da Suwizalan, da dama a cikin gidajensu. A ranar 23 ga Fabrairu, 1999, dusa ta sauko wa ƙauyen Galtür na Ostiriya ta kashe mutum 31, har ta kai unguwar da taswirar hukuma ta ce babu haɗari a cikinta. Gwamnatoci sun yi abin da gwamnati ta iya. Sun kafa shingayen ƙarfe a saman gangare, sun dasa itatuwa, sun hana gini a wasu wurare, sun koyi harba nakiya da igwa domin a sauko da dusar tun tana kaɗan. Layin dogon Wellington ma an mayar da shi ƙarƙashin ƙasa, cikin ramin da ya haura kilomita 12 wanda aka buɗe a 1929. Galtür kuwa yanzu tana bayan wata katanga mai tsawon mita 345.

Aikin ya yi amfani, kuma ya sauya fuskar mutuwar. A yau kimanin mutum 100 ke mutuwa kowace shekara a zaftarewar dusa a tsaunukan Alps, a Amurka kuma tsakanin 25 da 30, kuma kusan dukansu mutane ne da suka tafi da ƙafarsu: masu wasan zamiya, masu hawan dutse, masu baburan dusa. Cikin kowane hatsari goma, kusan tara wanda abin ya ci ne ko abokin tafiyarsa ya tayar da zaftarewar. A cikin filayen wasan zamiya akwai ma'aikata da ke fita tun asuba su jefa nakiya, su gwada gangare, su rufe wanda ba su yarda da shi ba. A bakin filin akwai igiya. Bayan igiyar nan ba mai gwada wa kowa komai, kuma can ne dusa take sabuwa, mai laushi, wadda ba wanda ya taka, wadda masu wannan wasa suke ƙetare teku domin ta.

Bahaushe na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Dusar ƙanƙara ba ta bin wannan ƙa'ida. Gangaren da zai kashe mutum da wanda ba zai yi masa komai ba, fuskarsu ɗaya ce, fari fat, sumul. Labarin yana ƙasa.

Duk guguwar da ta zo takan bar shimfiɗarta. Kafin wata ta zo, rana da iska da ruwa da sanyin dare sun yi aiki a kan wadda take sama, sannan sabuwa ta binne ta da duk halin da take ciki. Zuwa watan Fabrairu, wanda ya haƙa rami mai zurfin mita biyu ya share bangonsa zai iya karanta hunturun gaba ɗaya, daga dusar farko ta Nuwamba a ƙasa har zuwa ta daren jiya. Kuma shimfiɗun nan ba sa zama yadda suka sauka. A yanayi mai sauƙin sanyi ƙwayoyin dusa kan lanƙwashe su zama masu zagaye, su manne da juna, shimfiɗar ta yi ƙarfi. A wani yanayin kuwa akasin haka ke faruwa, kuma nan ne tushen masifar.

Ƙasar da dusa ta rufe takan tsaya kusa da digiri 0, domin dusar ta killace ɗumin ƙasa. A sama kuwa, cikin dare mai taurari, sanyi na iya kai wa digiri 20 ƙasa da sifiri. Sai tururin ruwa ya riƙa tasowa daga ɓangaren ɗumi zuwa na sanyi, yana barin wannan ƙwaya yana daskarewa a ƙasan ta sama da ita. Kwana kaɗan ƙwayoyin sun girma, sun yi kusurwa-kusurwa, sun daina kama juna. Mutanen dutse suna kiranta dusar sukari, domin in ka damƙe ta a hannu ba ta dunƙuluwa, zubewa take yi ta tsakanin yatsu. Masana sun auna iyakar: in bambancin zafi ya kai digiri 10 a cikin kaurin mita ɗaya, wannan aiki ya kankama. Ma'anar haka ita ce dusa marar kauri a ƙasa mai tsananin sanyi ta fi ruɓewa da sauri. Hunturun da ya fara da 'yar dusa kaɗan, sannan aka yi makonni sama tana garau, ya fi wanda ya fara da dusa mai yawa haɗari. Wannan na cikin dalilan da suka sa jihar Kolorado, mai busasshen sanyi da siririyar dusa, ta fi kowace jiha a Amurka yawan waɗanda zaftarewa ta kashe.

Akwai kuma wata shimfiɗar da ta fi wannan makirci. A daren da ba gajimare ba iska, fuskar dusa takan fi iskar da ke kanta sanyi, sai raɓa ta sauka ta daskare a tsaye, fiffike-fiffike, wani bai kai faɗin farce ba. Da safe gangaren yana ƙyalli, kowa yana ɗaukar hoto. In rana ta narkar da ita ko iska ta kakkarya ta kafin guguwa ta gaba, shi ke nan, an huta. In kuwa sabuwar dusa ta sauka a hankali ta rufe ta tana tsaye, to an binne rauni. Fikafikan nan suna iya ɗaukar nauyin da ke danno su daga sama kai tsaye, amma ba su da ƙarfin ture ta gefe ko kaɗan. Shimfiɗar ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba, tana kuma iya zama a wurin mako huɗu, shida, ko fiye, tana jira.

Rauni shi kaɗai ba ya kisa. Sai an sami abin da ya hau kansa ya dunƙule wuri ɗaya, ya zama allo guda mai faɗin fili. Mai karatu ya ɗauki allo ya ɗora shi a kan gero da aka barbaza a daɓen siminti mai gangare: allon zai zauna lafiya, har a manta da abin da ke ƙarƙashinsa, sai ranar da wani ya ɗora ƙafa. Babban mai ƙera wannan allo shi ne iska. Tana kwashe dusa daga fuskar dutsen da take bugawa, ta niƙe ƙwayoyin, ta jibge su a bayan tudu da saurin da ya ninka na saukar dusa daga sama sau da yawa. Ana iya wayar gari ba a yi sabuwar dusa ko ɗigo ba, amma iskar dare ta ɗora rabin mita a kan gangaren da jiya yake lafiya.

Sai kuma karkata. Ƙasa da digiri 30 allon da wuya ya zame. Sama da 50 dusa ba ta cika taruwa ba, zubewa take yi kaɗan-kaɗan. Tsakanin 30 da 45 ne ake mutuwa, kuma alƙaluma sun fi cunkushewa wajen 38. Karkatar matakalar bene ke nan ko sama kaɗan, kuma ita ce daidai karkatar da gwanin zamiya ya fi jin daɗi.

Nauyin mutum yana ratsa dusa zuwa kimanin mita ɗaya. In raunin ya fi haka zurfi, mutum goma na iya wucewa ba abin da ya faru. Na sha ɗaya sai ya bi ta kusa da wani dutse da ya leƙo, inda allon ya sirance, nauyinsa ya taɓa raunin. Wuri kaɗan ya rufta, gefensa ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa shi ma ya rufta, tsagewar ta ruga ta ƙarƙashin allon da gudun mita gomomi a daƙiƙa ɗaya. Sau da yawa allon yakan tsinke ne a saman mutum, ya zama yana tsaye a tsakiyar abin da ke tafiya. Cikin daƙiƙa biyar ko shida gudun ya haura kilomita 100 a sa'a. Tsagewar ma ba ta buƙatar mutum ya hau gangaren: ana iya tayar da ita daga fili kwance a gindin dutse, ta haura sama ta sako abin da ke can a kan wanda ya tayar da ita. Wani lokaci dusar takan yi gargaɗi. Mai tafiya yakan ji ƙasa ta ɗan nutse da shi tare da wani ƙugi mai zurfi, iskar da ke cikin raunin ce aka matse ta fita. Yakan ga tsaga ta fito daga ƙarƙashin ƙafarsa ta yi gaba. Yakan ga gangaren da ke daura da shi ya riga ya zube. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan an gama yi masa magana. Amma gargaɗin ba dole ba ne, kuma raunin da ya daɗe a binne shi ya fi yin shiru.

Tun 1936 masana a Davos ta Suwizalan suke haƙa ramuka a kan dutsen Weissfluhjoch suna nazarin wannan al'amari, kuma cibiyarsu ta SLF tana fitar da hasashen haɗari tun 1945. A 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'auni ɗaya mai hawa biyar, Amurka da Kanada ma suna da kwatankwacinsa. Hawa na 5 ba kasafai ake ganinsa ba, ranar rufe hanyoyi da kwashe ƙauyuka ce. A hawa na 4 yawancin mutane sukan zauna gida. Kimanin rabin waɗanda ke mutuwa a Suwizalan a hawa na 3 suke mutuwa. A ganina lambar da kanta tana da laifi a ciki. Uku cikin biyar tsaka-tsaki ne a kunnen kowa, alhali abin da masu hasashen ke nufi shi ne: dusar ba lallai ta zubo da kanta ba, amma in ka taka wurin da bai dace ba za ta zubo da kai.

Mu koma tsaunukan Cascade, tazara kaɗan daga inda Wellington take, shekara 102 bayan hatsarin jiragen. A farkon Fabrairun 2012 an yi kwanaki ana rana da dare mai sanyi a mashigin Stevens Pass. Fuskar dusa ta yi ɓawo, raɓa ta daskare a kansa, sannan dusa mai laushi ta rufe. Daga baya babbar guguwa ta zo ta zuba kusan santimita 80 cikin 'yan kwanaki, iska kuma tana jibgewa. Ranar Lahadi 19 ga wata hasashen cibiyar yankin ya sa haɗarin tsakanin hawa na 3 da na 4. Da hantsi mutum 16 suka fita ta ƙofar igiyar filin wasan, suka hau kan dutsen Cowboy domin su sauka ta bayansa, ta wani kwari da ake kira Tunnel Creek.

Ba 'yan koyo ba ne. A cikinsu akwai waɗanda zamiya ce sana'arsu, akwai 'yan jaridar wasan, akwai waɗanda suka sauka ta wannan kwari sau ba adadi. Kusan kowa yana ɗauke da kayan ceto. Suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ƙa'ida ta ce, waɗanda suka riga suka tsaya cikin wasu manyan itatuwa suna jira. Mutum shida suka wuce lafiya. A ƙarƙashin na bakwai allon ya tsinke. Dusar ta bi ta cikin itatuwan da ake zaton mafaka ne, ta kwashi waɗanda ke jira, ta matse cikin siririn kwarin, ta sauka kimanin mita 800. Wani ya tsira domin ya maƙale tsakanin itatuwa biyu dusar ta bi ta kansa. Elyse Saugstad, ƙwararriyar 'yar wasa, ta ja igiyar jakar iskar da ke bayanta. Aka same ta a gindin kwarin a daskare cikin dusa, fuska da hannuwa kaɗai a waje, tana da sauran shan ruwa. Maza uku suka rasu. Rahoton da John Branch ya rubuta wa jaridar New York Times kan wannan rana ya sami lambar Pulitzer a 2013.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarin shi ne abin da waɗanda suka tsira suka faɗa daga baya. Fiye da mutum ɗaya ya ce tun a kan dutsen zuciyarsa ba ta kwanta ba. Taron ya yi yawa, ba a tsaya an tsara hanya ba, ba a san wa ke jagora ba. Amma ba wanda ya buɗe baki. Baƙo ya ga 'yan gari sun san wurin, ɗan gari ya ga ƙwararru ba su ce komai ba, ƙarami ya ji nauyin manya, kowa ya yi wa kowa kara. Mutum 16 da kowannensu, da shi kaɗai ne, mai yiwuwa da ya yi tunani sau biyu, suka haɗu suka zama taron da bai yi tunani ko sau ɗaya ba. Mu da muka tashi cikin tarbiyyar kunya da kawaici mun san wannan shiru sarai, mun san yadda yake da nauyi a ce wa na gaba “ban yarda da wannan hanya ba” a gaban jama'a. Ba halin Turawa ba ne, halin ɗan Adam ne.

Wani mai bincike, Ian McCammon, ya bi bayanan hatsarori 715 da suka faru a Amurka tsakanin 1972 da 2003, yana neman dalilin da ya sa mutanen da suka ga alamun haɗari ƙarara suke ci gaba. Ya gano cewa waɗanda suka yi karatun dusa sukan yi taka-tsantsan a wurin da ba su sani ba, amma a gangaren da suka saba da shi ilminsu kusan ba ya hana su komai. Ya gano cewa taron da ke bin wani da ake ɗauka gwani yakan shiga haɗarin da ya fi na taron da ba shi da jagora, in gwanintar ba ta dusa ba ce. Ya gano tasirin wasu idanu da ke kallo, da na niyyar da aka riga aka ƙulla tun daga gida, da na tsoron kada wani ya riga ka taka sabuwar dusa. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana. Maganar ta yi tsauri a kan waɗannan mutane, domin ba wawaye ba ne, amma turken gaskiya ne.

Dalilin da ya sa sabo yake cin gwani a nan yana da sauƙin fahimta, yana kuma da ban tsoro. A yawancin sana'o'i kuskure yana da sakamako nan take, shi ya sa ake ƙwarewa. Dusa ba ta koyarwa haka. Ko a ranar hawa na 3, mafi yawan gangaren da aka taka ba sa zubewa. Mutum ya yanke shawara marar kyau, ya sauka lafiya, ya ji daɗin da bai taɓa ji ba, ya koma gida yana ganin ya karanta dutsen daidai. Bai san taku biyu ne tsakaninsa da wurin da allon ya sirance ba, kuma ba zai taɓa sani ba. Haka zai tara shekaru yana kiran sa'a da sunan ƙwarewa. Ramin gwaji ma bai warware matsalar ba. Ana yanka ginshiƙin dusa, a ɗora shebur a kai, a buga sau goma daga wuyan hannu, goma daga gwiwar hannu, goma daga kafaɗa, a ga inda zai tsinke da yadda tsagewar za ta gudu. Gwajin yana da amfani ƙwarai in ya nuna rauni, domin ya ce a koma. In bai nuna ba, labarin wannan taku ɗaya kawai ya bayar. Mita goma gaba dusar na iya zama wata daban.

In abin ya riga ya faru, agogo ne ke mulki. Dusar da ta gudu ta tsaya nan take takan daskare ta yi tauri, wanda ke ciki ko yatsa ba ya iya motsawa, balle ya tono kansa. Binciken da Markus Falk da Hermann Brugger da abokiyar aikinsu suka wallafa a mujallar Nature a 1994, daga bayanan Suwizalan, ya nuna cewa cikin waɗanda dusa ta binne gaba ɗaya, kashi 92 cikin ɗari suna da rai in an tono su cikin minti 15. Zuwa minti 35 saura kashi 30. Ba sanyi ke kashe su ba, numfashi ne: dusa ta cika baki da hanci, ko mutum ya yi ta shaƙar iskar da ya fitar a ɗan ramin da ke gaban fuskarsa. Jirgi mai saukar ungulu da wuya ya iso cikin minti 15. Abokan tafiya ne kawai masu ceto, shi ya sa kowa yake rataya na'urar da ke aika sigina a zangon kilohaz 457, wadda ta samo asali daga wadda John Lawton ya fara ƙerawa a 1968, tare da doguwar sandar caka da shebur. Nemowa da na'ura yakan ɗauki 'yan mintoci ga wanda ya yi atisaye. Haƙan ne ke cin lokaci, domin mutumin da ke zurfin mita ɗaya sai an kwashe dusar da ta haura tan guda kafin a kai ga fuskarsa.

Jakar iska tana ƙara wa mutum girma, kuma a cikin abin da ke kwarara manyan abubuwa ne ke tasowa sama. Wani bincike da Pascal Haegeli ya jagoranta a 2014 ya nuna tana rage mutuwa daga kashi 22 zuwa 11 cikin ɗari ga waɗanda zaftarewa mai ƙarfi ta kwasa. Rabi ke nan, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na mamatan a Amurka da Kanada ba binnewa ce ke kashe su ba, karo ne da itace da dutse, kuma babu jaka ko na'urar da ke maganin wannan. A Tunnel Creek an nemo mutanen da na'ura ba tare da dogon jinkiri ba. Abin da kwarin ya yi wa jikinsu ya riga ya wuce ceto. Kayan ceto wajibi ne, sai dai ina tsoron ranar da mutum zai taka gangaren da ba zai taka ba in babu jaka a bayansa.

Waɗanda suka fi daɗewa a wannan fage sun kai ga matsaya ɗaya ta hanyoyi daban-daban: tunda ba za a iya sanin dusa tabbas ba, a koma ga abin da ba ya sauyawa, wato ƙirar dutsen. Werner Munter, jagoran hawan dutse ɗan Suwizalan, ya yi shekaru yana jayayya da masu ganin rami da madubin duba ƙwaya sun wadatar. A shekarun 1990 ya fito da lissafi mai sauƙi wanda ke haɗa hawan haɗarin ranar da karkatar gangare, da fuskar da yake kallo, da yawan taro. Gwargwadon hawan haɗari, gwargwadon rage karkatar da za a yarda a taka, a kuma guji gangaren da ke kallon arewa, inda rana ba ta kai wa kuma rauni ya fi daɗewa. Mutane da yawa sun ji haushin a ce lissafi ya maye gurbin idon gwani. Ni ina ganin abin da Munter ya fahimta shi ne idon gwani ma yana son sabuwar dusa.

A yammacin Kanada, kamfanonin da ke kai masu zamiya kan duwatsu da jirgi mai saukar ungulu suna da wata al'ada da ta burge ni. Kowace asuba jagororinsu sukan zauna a ɗaki, kafin kowa ya ga hasken rana a kan dusa, su bi jerin gangarensu ɗaya bayan ɗaya suna sa wa kowanne kore ko ja. In jagora ɗaya bai yarda da wani gangare ba, an rufe shi. Wanda aka sa wa kore ana iya fasa shi in an je an ga abin da ba a so, amma wanda aka sa wa ja ba mai ikon buɗe shi a ranar, komai kyawun da ya yi a ido, komai roƙon baƙin da suka biya kuɗi masu yawa. Da yamma kuma su aika abin da suka gani cikin wani rumbun bayanai na bai ɗaya mai suna InfoEx, wanda ake amfani da shi tun 1991, har abokan gasarsu su karanta. Tsari ne da aka gina domin irin shirun da ya faru a kan dutsen Cowboy kada ya sami wurin zama.

Kanada ma ta koyi wani darasi da tsada. A Nuwamban 2002 ruwan sama ya sauka a kan dusar farko a tsaunukan Selkirk ya bar ɓawon ƙanƙara, dusar sukari ta tsiro a kansa, hunturu ya binne su. Ranar 20 ga Janairu, 2003, wannan shimfiɗa ta watanni biyu da suka wuce ta saki a kusa da garin Revelstoke, ta kashe mutum bakwai da ke tafiya da jagora, cikinsu har da Craig Kelly, zakaran duniya a wasan allon zamiya. Kwana 12 bayan haka, ranar 1 ga Fabrairu, ɗaliban wata makarantar sakandare daga lardin Alberta suna tafiya a gindin kwarin Connaught, cikin gandun Glacier, sai dusa ta sako daga dutsen Cheops ta rufe su da manyan da ke tare da su, su 17. Yara bakwai suka rasu. Iyayensu sun sa hannu a takardar izini ba tare da wani ya bayyana musu cewa hanyar tana ratsa bakin magudanan dusa ɗaya bayan ɗaya ba.

A 2004 hukumar gandun dajin Kanada ta fito da wani ma'auni na daban, wanda bai damu da dusar yau ko ta gobe ba. Ƙasar kawai yake aunawa: karkatarta, itatuwanta, yawan magudanan da ke sama da matafiyi, da ko akwai hanyar kaucewa. Aka kasa hanyoyi uku, mai sauƙi, mai wahala, da mai sarƙaƙiya. Aka kuma kafa doka kan duk wanda zai kai yaran da ba nasa ba cikin gandun a hunturu: hanya mai wahala sai da jagora mai lasisi, mai sarƙaƙiya kuwa an hana ɗungurungum, ko hasashen ranar ya ce hawa na 1 ne. Kwarin Connaught a rukuni na uku aka sa shi.